Tsakon Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa madatsar ruwan lafiya, kuma aiki da sauƙi. Direban kayanku ya ce duk mako biyu yake shiga wajenku, shi ya sa na ba shi wannan, tunda wayarka sai ka hau tudu take kamawa, in ta kama ma rabin maganar iska ke cinyewa.

An sallamo Baba. Jiki yana nan yadda ka bari, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana babu. In ka nuna masa cokali ya san cokali ne, amma sunan ba ya zuwa, ko a baki ko a takarda. Lamba ce kaɗai ba ta gudu ba. Ranar da muka dawo ya hana kowa sakat da nuni, sai da na taka kujera na gyara agogon falo, wai ya yi gaba. Na duba waya, kuma gaskiyarsa ce.

Gwaggo ta tare a ɗakinka, ita ke zama da shi in na tafi aiki. Ta ce in gaya maka takalmanka sun isa a buɗe shago.

Mai gashin ƙashi tana zuwa. Ta ce a riƙa ajiye masa abin da ya saba da shi a kusa. Gwaggo ta ce, "Ai abin da ya saba da shi bai wuce ƙanin yaran nan ba." Matar ta waiga tana neman yaro. Sai da na zauna na yi mata bayani: tun muna makaranta, yana kamfanin waya, Baba ya ɗauko wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi, wato rubuta babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, tasa ta kansa, tun daga tushe. Ya raɗa mata suna Tsako. Tsako bai yi ƙwarin da za a sake shi a kwamfutar gaske ba, sai a cikin wata kwamfutar ƙarya da ke zaune a taga guda cikin ta gasken, wadda Baba ke kira akurki. Ta ce, "To me yake yi, Tsakon?" Na ce yana tashi, yana nuna lokaci, ana rubutu a cikinsa, sannan ya mutu. Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, ta daina.

Na ajiye masa kwamfutar a kan tebur mai taya, ta gefen hagunsa. Tana nan yadda ka bar ta, da rabin layin da yake rubutawa ranar da ya faɗi, tsinken nan na allo mai nuna inda rubutu ya tsaya yana ta ƙyaftawa a ƙarshensa. Shekaranjiya na dawo na tarar da tarkacen haruffa da lambobi a ƙarƙashin layin. Ina jin hannunsa ne ya faɗa kan maɓallan. Na yi yadda ka koya mini: na riƙe maɓallan nan biyu na fita daga akurkin, na danna mayar, komai ya koma yadda yake a hoton da ka ɗauka.

A tasha ka tambaye ni ko lafiya nake. Ban sani ba. Ina tashi, ina wanka, ina zuwa ɗakin gwaji, ina ɗibar jinin mutane, ina dawowa. Ban yi kuka ba tun daga asibiti, kuma ba daurewa nake yi ba, kukan ne babu.

Gwaggo na gaishe ka. Allah ya tsare.

Yayarka

*

Babbar Yaya, uwar ɗakina,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa irin ta ƙani, mai yawa ba tsada. Wasiƙarki ta iso tare da buhun albasa, har yanzu ƙamshinta ke nan. Ki gaishe da Gwaggo, ki ce mata na san yawan takalmana, kada in dawo in ga ƙafa ɗaya ta yi tafiya.

Labarin agogon ya faranta mini rai. Mutumin da ke rigima da agogo bai tafi ko'ina ba.

Kin yi daidai da kika mayar. Bari in sake gaya miki dalili, don na san ranar da nake nuna miki jikinki ne kawai a wurin. Tsako bai iya ajiya ba tukuna. Duk abin da aka rubuta a cikinsa a ka yake riƙe shi, kamar wanda aka aika kasuwa ba takarda. In ya mutu ko an kashe shi, shi ke nan, an yi asara. Abin da Baba ke rubutawa ranar da ya faɗi shi ne ainihin sashen da zai koya masa rubutu a faifan ajiya. Shekara guda yana fama da shi, duk gwajin da ya yi sai Tsako ya faɗi ya nuna lambar kuskure sha uku. Kin tuna yadda yake tsaki in ya ga lambar nan. Saboda haka aikin duka ba shi da wani gida sai hoton da na ɗauka. Akurkin ne ke iya ɗaukar hoton Tsako da duk abin da ke kansa, in an danna mayar ya komar da shi daidai wannan lokacin. Na sa wa hoton suna "Baba lafiya". Ranar da ya warke zai zauna ya ci gaba daga inda ya tsaya, ko wasali ɗaya bai ɓata ba.

Don haka duk sanda kika ga an taɓa, ki mayar kawai. Rigakafi ya fi magani. Maɓallan fita kuwa na san suna da wuyar kamawa, ɗaya a wannan ƙarshen ɗaya a wancan. Shi ya saita su haka da gangan, wai kada hannu ya zame ya fice daga akurki yana tsakiyar aiki.

Jiya ina gadin injinan na tuna yadda yake fitowa cin abinci yana shafa gemu, ya ce, "Yau ya mutu a sabon wuri!" Mama, Allah ya jiƙanta, ta ce, "Allah ya ƙara mana irin wannan ci gaban." Shi kuma ya ce ai in ya mutu a sabon wuri to ya yi gaba ke nan. Ni dai tun ranar da aka haifi Tsako na san autancina na suna ne.

Maganar kuka kuma, kada ki tilasta wa kanki. Ni na yi na mutum biyu a mota, har direba ya ba ni tsumman goge gilashi.

Ki shafa mini hannun Baba. Sai na ji daga gare ki.

Ƙaninki, Auta na biyu

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Mu ma muna nan.

Babu wani labari. Ƙafar ta ɗan fara jan ƙasa in an riƙe shi, hannun dai shiru. Mai gashi ta ce haƙuri.

Tsako yana nan lafiya, kada ka damu. Yanzu kullum sai na tarar an taɓa, don haka na mayar da abin cikin aikin safe. In na ba Baba shayi da magani, na goge masa baki, sai in jawo teburin gabansa in danna mayar yana kallo, don ya ga da idonsa aikinsa na nan ba abin da ya same shi. Mayarwar ba ta ba ni wahala. A wurin aiki ma da haka nake fara yini, in mayar da kowace na'ura sifili kafin a sa mata jinin kowa.

Abin da ke ba ni wahala shi ne fushi. Da na kai hannu ga kwamfutar sai ya hau dukan hannun kujera, yana wani sauti daga maƙogwaro. Wani lokacin ya cafke wuyan hannuna ya riƙa ja, kuma ka san hagun nan da ƙarfi. Ina jin ba ya so in fita ne. Ina ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, in ce masa sai na dawo, in tafi in kama mota. Likita ya ce fushi yana cikin ciwon, kada mu sa a rai. Ban sa ba. Ba na jin komai in ina ɓamɓarewa, kamar ina cire safar hannu.

Gwaggo ta ce yini yake yana dangwale-dangwale da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar tsaba, ya dangwala ya huta, ya dangwala ya huta. Rannan har ya kamo hannunta zai ɗora a kan abin, ta fizge. Ta ce, "Ni ba za a kashe ni da lantarki a gidan ƙanina ba." Na gaya mata ba ya ja, ta ce wanda ya ja ma ai bai yi sallama ba.

Har na haddace tarkacen, don kullum da abu ɗaya yake farawa, 1F7, sai ka ce babu wasu maɓallai a duniya. Da yakan cika rabin allo kafin in dawo. Kwanan nan ya ragu, layi biyu, layi ɗaya. Jiya 1F7 ɗin kaɗai na tarar. Ina ganin hannun ya fara nutsuwa ke nan. Abincin ma ya rage, amma Gwaggo ta ce zafi ne.

An canza mana shugaba a wurin aiki. Famfon kicin yana ɗiga. Ban kira mai gyara ba, na sa bokiti.

Ka kula da kanka.

Yayarka

*

Yaya,

Salam. Don girman Allah kada ki sake danna mayar. Ko me kika gani a allon, ki bar shi.

Na nemi in kira ki, hadarin makon jiya ya karya sandar sabis ɗin da ke kan tudu, har yau ba a gyara ba. Na roƙi direba ya kai miki wannan hannu da hannu a wurin aiki kafin ya sauke kayan kowa.

Yaya, 1F7 ba tarkace ba ne. Lambar ƙofa ce, ƙofar da ake ƙwanƙwasa wa faifai a tambaye shi ko ya shirya karɓar rubutu. Ita ce daidai abin da ya kamata ya biyo bayan rabin layin nan. Hannun da ya faɗa kan maɓallai ba ya faɗawa wuri ɗaya kullum. Baba aiki yake yi. Kalmomi sun tafi, amma wannan sashen kusan duk lambobi ne, kuma ke kika gaya mini lamba ba ta gudu ba. Yini guda yana haɗa rabin allo da yatsa ɗaya, da safe mu share, ya sake farawa daga ƙofa.

Hannunki da yake ja, ba hana ki fita yake yi ba. So yake ya fita daga akurkin ya ɗauki sabon hoto kafin a share, kuma maɓallan fita hannu biyu suke so. Ɗaya gare shi. Shi ya sa ya kamo na Gwaggo ma.

Na ce "mu share" don ni na ce ki yi. Ke ba ki san 1F7 ba, ni na sani, ni ya zaunar a gefensa ya koya wa. Na tsaya ina tsaron inda ya tsaya, ban taɓa kawowa a raina zai iya ci gaba a haka ba. Har suna na sa wa hoton, sai ka ce wanda ke kan kujerar wani ne daban. Tun da na karanta wasiƙarki kunya nake ji kamar in nutse.

Ki gaya masa mun gane. Ki ba shi hannunki in ya ja. In kin ga ya kamata in taho, ki faɗa wa direba da baki, zan ajiye aikin.

Ƙaninki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Direba ya kawo, na gode masa.

A ɗakin gwaji na karanta, a tsaye. Na ninke ta na sa a aljihu, na ƙarasa jinin da ke gabana, na rubuta sakamako, na wanke hannu. Wadda muke aiki tare ta ce lafiya, na ce lafiya. Na jira in ji wani abu ya tsinke a cikina, bai tsinke ba.

Wasiƙarka ta makara. Tun kafin ta zo ya daina taɓawa. Ba ya dukan kujera, ba ya kama hannuna. Har na gaya wa likita fushin ya wuce, ya ce madalla. Da safe in na jawo teburin sai ya juya fuska ga bango. Agogon falo ya sake yin gaba, yana kallonsa, bai nuna ba.

Da na dawo na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, mun gane. Aikinka ne nake gogewa, ban sani ba. Ka yafe mini." Na miƙa masa hannuna. Ya dube shi kamar hannun mai gashi, ya mayar da ido bango. Ban san ko ya fahimta ba. Ina ganin ya fahimta, kuma wannan ya fi muni.

Na bar kwamfutar a kunne a gefensa, ban sake taɓa ta ba. Rabin layin na nan, tsinken na ƙyaftawa. Ina dawowa in duba kafin in cire takalmi, babu ko ɗigo. Yana cin loma biyu ya rufe baki. Mai gashi ta ce ƙafar da ta fara ja ta koma, kuma ita ba ta da maganin wanda ba ya so.

Na karanta wa Gwaggo wasiƙarka. Ta ce, "Ashe hannu yake roƙo na hana shi." Can kuma ta ce, "Ke, lallashi ba ya tayar da ubanki. Tun yana ƙarami, in kina so ya tashi daga inda ya zauna, ki yi abu ba daidai ba a gabansa. Ni da gangan nake karkata hoton bango in ina so ya bar kuka."

Ba ni da wata dabara, sai na bi tata. Na zauna kusa da shi na jawo teburin, na rubuta abin da na haddace a ƙarƙashin layin, a hankali, yadda zai ji ƙarar kowane maɓalli. Sai dai na sa 1F1 maimakon 1F7. Na ce da ƙarfi, "Yauwa, haka yake." Gwaggo ta ce daga ƙofa, "Ai kin ma fi shi iyawa." Ko gezau bai yi ba. Na bar shi a haka, yana nan har yanzu da kuskurensa.

Kada ka taho. In ka ajiye aikin mu uku za mu zauna muna kallon bango, kuma bangon bai kai ba.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum, ina gaishe ku duka.

Na karanta. Ba ni da shawara, shawarata ce ta kawo mu nan. Ina zuwa aiki, ina duba mai, ina duba ruwa, ina zama. Abokan aikina sun daina tsokanata, sun ce ba daɗi tsokanar wanda ba ya ramawa.

Abu ɗaya kawai: ki tabbata wayar caji na jiki kullum, don in batir ya ƙare duk abin da ke allon zai tafi. Ko da kuskurenki ne kaɗai a kai, ki tsare shi.

Ki gaishe da Gwaggo. Ki ce mata ta ɗauki takalmin da take so.

Ƙaninki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Direba na jira a ƙofa, don haka a taƙaice.

Ranar nan na dawo na duba kafin in cire takalmi, ɗayan ƙarshen 1F1 ɗin nan ya zama bakwai. Ba abin da ya ƙaru, shi kaɗai. Baba na kallon bango kamar bai san zancen ba. Gwaggo ta rantse ba ta ga komai ba, sai dai ta ji ƙas, ƙas, tana kicin. Washegari layi ɗaya. Daga nan ya riƙa ƙaruwa, har ya wuce inda ya taɓa kaiwa.

Jiya ina hutu, da hantsi ya cafke wuyan hannuna. Na sake masa. Ya ɗora yatsana a maɓallin dama, ya danna na hagu da kansa, muka fita. Ya ɗauki hoto. Bai sa masa suna ba, na'urar ta sa masa 2. Ya koma ciki, ya gwada abin da ya rubuta.

Tsako ya mutu. Allon ya nuna sha huɗu, ba sha uku ba.

Baba ya daɗe yana kallon lambar, sannan rabin bakinsa ya ɗaga, ya kai hannu ya shafa gemu. Ya sake jawo hannuna muka fita, ya nuna mini mayar, ya dube ni. Na danna. Tsako ya koma hoto na biyu, aikinsa duka na nan.

Na shiga kicin na tsaya a bakin famfo na yi kukan da ban yi ba tun asibiti, har Gwaggo ta ce in matsa, bokiti ɗaya ne a gidan. Da na fito yana nuna agogo.

Yanzu kafin in tafi aiki nake riƙe masa maɓallin dama. Da rana Gwaggo ke riƙewa, da safar hannun da na kawo mata daga wurin aiki.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Yayarka